Sassan tarihi na jami'o'inmu na buƙatar malamai masu karanta Larabci da Ajami

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan sassan tarihi na jami'o'inmu, musamman kwasa-kwasan da suka shafi ƙasar Hausa da Borno da Daular Sakkwato, don gaskiya abin ya daɗe yana ci min rai.

Kowa ya san yadda sashen tarihi na ABU Zariya ya yi tashe a da. Marigayi Farfesa Abdullahi Smith, wanda ya kafa cibiyar binciken tarihi ta Arewa House a Kaduna a 1970, shi ya dage cewa ba za a rubuta tarihin yankin nan da rahotannin Turawan mulkin mallaka kaɗai ba, dole sai an koma kan abin da malamanmu suka rubuta da hannunsu da kuma abin da dattawa suka riƙe da ka. A wannan turbar aka samu su Dokta Yusufu Bala Usman da ya yi aiki kan Katsina, da Mahdi Adamu kan yaɗuwar Hausawa a Afirka ta Yamma, da Sa'ad Abubakar kan Fombina, wato masarautar Adamawa, Allah ya saka musu da alheri.

To yanzu fa? Sassa da yawa sun liƙa hulɗar ƙasa da ƙasa a jikin sunansu don su samu ɗalibai, kuma ni ban ga laifinsu sosai ba, tunda aka cire tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare wajen 2009 ai dole masu neman kwas ɗin su ragu, ko da yake an dawo da shi daga baya. Amma abin da ya fi damuna shi ne ɗalibi zai yi shekara huɗu ya gama digiri, ya ci jarabawar kwas kan jihadin 1804, alhali bai taɓa buɗe littafin Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Larabcinsa ba, sai dai fassara ko handawut, wani lokacin ma shi kansa lakcaran da fassarar ya dogara. Takardun kuwa suna nan jibge a Arewa House da gidan adana takardu na ƙasa da ke Kaduna da cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato, wasiƙun sarakuna ne, hukunce-hukuncen alƙalai ne, waƙoƙin Ajami na Hausa da Fulfulde ne. 'Yan sashen Larabci sun iya karantawa amma ba a horar da su kan binciken tarihi ba, 'yan tarihi sun san hanyar bincike amma ba sa iya karantawa, kowa na ofishinsa, wallahi wannan asara ce babba.

Kuma akwai dama. Sabuwar manhajar da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta fito da ita a ƙarshen 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara kwasa-kwasanta da kanta. Roƙona ga shugabannin sassa da majalisun jami'o'i shi ne a yi amfani da wannan kason a sa karatun tsofaffin takardu na Larabci da Ajami ya zama kwas na dole tun daga aji biyu, sashen tarihi da na Larabci su koyar da shi tare, sannan in za a ɗauki sabbin malamai a ware gurbi ga wanda ya haɗa allo da boko.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naku,
Wani tsohon ɗalibin tarihi