Malam Aminu ya sha faɗuwa zaɓe, a daina ɓoye wa yara

Assalamu alaikum Malam Edita,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida. Don Allah a ɗan sam min fili in amayar da wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya.

Duk shekara in 17 ga Afrilu ta zagayo, ranar da Allah ya yi wa Malam Aminu Kano rasuwa a 1983, sai ka ga 'yan siyasa sun cika Facebook da hotonsa, kowa ɗan Malam ne, kowa a Mambayya, gidan Malam, ya koyi siyasa, har da waɗanda lokacin ko goyonsu ba a fara ba. To ba laifi, son nagari ai ba ya zama aibu. Amma abin da kusan ba na jin ana faɗa shi ne sau nawa bawan Allahn nan ya tsaya takarar majalisa aka kayar da shi. Yaran yanzu da yawa sun ɗauka tunda sunansa ne a filin jirgin sama da asibitin koyarwa, ai shi duk inda ya tsaya lashewa kawai yake. Ina! Malam ya sha ƙasa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kuma a cikin garinsu Kano.

Malamin makaranta ne fa, ɗan alli irinmu. Da ya gama Kwalejin Kaduna a 1942 Midil ta Bauchi aka tura shi, can ya haɗu da su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sa'adu Zungur. Ya je Ingila ƙaro ilimin koyarwa a 1946, ya dawo, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa, daga baya aka ɗauke shi aka kai Maru ya shugabanci makarantar horon malamai. A ƙarshen 1950 ya ajiye aikin, shekarar da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta. Ka duba fa, zamanin da aikin En'e (hukumar mulkin sarakuna) da na gwamnati shi ne rufin asirin ɗan boko, mutum yana da albashinsa yana da girmansa, ya ajiye ya shiga jam'iyyar da 'yan doka ke farautar 'ya'yanta.

Zaɓen 1951 shi ne na farko, kuma shi ne wanda ya fi ba ni takaici in na karanta. Lokacin ba kai tsaye ake zaɓe ba, hawa-hawa ne, talakawa su zaɓi wakilai a unguwa, wakilan su zaɓi wasu, a haka har a kai matakin ƙarshe na lardi, su kuma waɗanda suka shiga majalisar Kaduna daga cikinsu ake tsamo masu tafiya Ikko. NEPU ta yi rawar gani a matakin farko a cikin birnin Kano, mutane har sun fara murna. Sai dai dokar ta ba En'e damar ta cusa nata mutanen, kashi 10 cikin 100, a matakin ƙarshen nan, ba tare da kowa ya zaɓe su ba. To hakimai ne da manyan ma'aikatan En'e suka shigo, ga sauran wakilan karkara kuma da yawansu masu unguwanni ne da dagatai waɗanda ba su isa su saɓa wa na sama da su ba, yo ta ina ɗan NEPU zai ɓulla? Haka aka tashi Malam bai samu kujera ba.

A 1954 ya sake fitowa, wannan karon Majalisar Wakilai ta Tarayya yake nema. Wa ya kayar da shi? Maitama Sule, wanda daga baya ya zama Ɗanmasanin Kano, lokacin saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, kuma shi ma malamin makaranta ne, a Midil ta Kano ya koyar. Malami ya kayar da malami ke nan. Nan wurin ina so matasa su lura, domin zamanin nan duk ɓangarorin biyu cike suke da malaman makaranta, Sardauna ya koyar a Midil ta Sakkwato, Tafawa Ɓalewa hedimasta ne, Shehu Shagari malami ne. Bambancin kawai wani yana da En'e a bayansa wani kuma ba shi da kowa sai masu tireda da teloli da mahauta da 'yan koli. Shekara biyu bayan nan, 1956, ya nemi majalisar Jihar Arewa, nan ma Ahmadu Ɗantata na NPC, jam'iyyar su Sardauna, ya yi galaba.

Kuma kar wani ya ɗauka faɗuwar nan irin ta yanzu ce, a faɗi a tafi kotu a dawo a canja jam'iyya a samu muƙami. Magoya bayansa ne suke biyan kuɗin. A kama mutum don ya yi lacca ba izini, ko wai ya zagi sarki, a kai shi gaban alƙali a ɗaure, wani a ɗora masa harajin da ya fi ƙarfinsa, wani a yi masa bulala a bainar jama'a, ga 'yan Mahaukata, wato 'yan daban NPC, suna tarwatsa taro da gora. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri har ta gaji da shiga gidan yari, alhali ita ɗin ma ba ta da ikon jefa ƙuri'a, don matan Arewa sai a shekarun 1970 aka ba su wannan dama. Dattawan unguwarmu da suka ga zamanin, in suna ba da labari za ka ji mutum ya ce an ɗaure shi wata uku kan ya ce Sawaba a kasuwa, yana faɗa yana dariya har da nuna tabon da ya rage a bayansa. Waɗannan mutanen sun san ɗan takararsu da wuya ya ci, amma gobe in an ce Malam zai yi lacca sai ka gansu sun fito da alamar tauraro a ƙirji.

Sai 1959, da aka yi zaɓen tarayya kai tsaye, kowane namiji baligi ya jefa ƙuri'arsa a asirce, Malam ya ci Kano ta Gabas. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka inda matsalar take tun farko. NEPU ta samu kujera 8 a duk Arewa, NPC kuwa sama da 130, saboda haka ba wai guguwa ce ta taso ba, amma dai ya shiga majalisa har ya zama mataimakin bulaliyar gwamnati saboda ƙawancensu da NCNC, jam'iyyar Azikiwe. Zaɓen Disambar 1964 kuma, wanda ƙawancen UPGA da NEPU ke ciki ya ce a ƙaurace masa, kujerar ta sake kufcewa, Mahmud Ɗantata ya karɓe ta. Ka lissafa da kanka, mutumin da ake kira jagoran talakawa, zango ɗaya tak ya yi a majalisar tarayya. Ko shugabancin ƙasa da ya nema a PRP a 1979 na huɗu ya zo. Amma a wannan zaɓen ne jam'iyyarsa ta kafa gwamnati a Kano da Kaduna, Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali, abin da aka yi kusan shekara 30 ana kai mutane kurkuku a kansa.

To ga inda nake son zuwa Malam Edita. Malam Aminu an tare shi ne a bakin akwati, malamin yau kuwa ko ƙofar ofishin jam'iyya ba ya kaiwa. A 2022 fom ɗin takarar Majalisar Wakilai a APC naira miliyan 10 ne, na sanata miliyan 20, a PDP kuma miliyan 2.5 da miliyan 3.5. Fom kawai fa, ba a zo maganar daliget ba, ba fosta, ba man mota, ba kuɗin ejan ranar zaɓe. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira dubu 70 ne, kuma kowa ya san malaman firamare a wurare da yawa su ne na ƙarshen gani a ƙasa. Sannan tsarin mulki ya ce ma'aikacin gwamnati sai ya ajiye aiki kwana 30 kafin zaɓe. Wato malami ya sayar da gonar gado ya sayi fom, ya ajiye aikinsa, in ya faɗi ya dawo gida ba kujera ba albashi. Wanda ya yi ritaya kuma giratutinsa ma bai fito ba balle.

Na san wani hedimasta a wata ƙaramar hukuma, ba zan kama suna ba, mutumin kirki, rabin ma'aikatan garin ta hannunsa suka wuce. Ya nemi majalisar tarayya a wata ƙaramar jam'iyya da kuɗin fansho da gudummawar tsofaffin ɗalibansa, babur ɗinsa ne motar kamfe, lasifika ɗaure a baya da igiyar roba. Ya faɗi, ya sake fitowa ya sake faɗi. Abin da ya ƙona min rai ba faɗuwar ba ce, yadda aka mai da shi abin tsokana a majalisar shayi, in ya wuce a ce ranka ya daɗe Onarabul, a kwashe da dariya. Kuma masu dariyar nan su ne gobe za su ɗora hoton Malam Aminu su rubuta Allah ya ba mu irinsa. Haba jama'a, da a zamaninsa kuke da wallahi kuna cikin masu cewa malamin nan ya koma aji ya huta.

Ba ina cewa duk wanda ya riƙe alli waliyyi ba ne, akwai malaman da suka shiga majalisa suka fi 'yan kasuwa haɗama, mun gansu. Ba kuma cewa nake duk mai faɗuwa zaɓe Aminu Kano ne ba, wani kam jama'a sun yi daidai da suka ƙi shi. Amma majalisar da za ta yanke kasafin ilimi ya kamata a ce akwai mutanen da suka san yadda aji mai yara sama da ɗari yake, ana rubutu a kan gwiwa rufi yana yoyo.

Shi ya sa nake roƙon abu biyu. Masu shirya taron tunawa da Malam, a ware lokaci a ba yara labarin 1951 da 1954 da 1956 da 1964 dalla-dalla, har da sunayen waɗanda suka kayar da shi, ba cin mutuncin kowa ba ne tarihi ne. Jam'iyyu kuma tunda suna yi wa mata da matasa rangwamen kuɗin fom, a duba malaman firamare da sakandare da suka yi ritaya, ita ma ƙungiyar malamai ta NUT ta sa baki a wannan magana kafin a fara sayar da fom na zaɓe mai zuwa.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Tsohon malamin firamare, daga cikin birnin Kano