Sanarwa kan kuɗin makarantar yaran ƙauye

Salamu alaikum ƴan uwa, ina fatan kowa na lafiya da wannan sanyin hunturu.

Kun san bara maƙwabcina a kasuwar Marwa ya ja ni ƙauyensu can gefen garin Mokolo a arewacin Kamaru bikin Kirsimeti. Wallahi sun karrama ni, wuƙa suka miƙo min na yanka akuyar da hannuna don in samu in ci. Daren 24 ga Disamba kuwa ba barci, ana ta ganga da waƙa da yaren Mafa a coci har asuba, da safe yara suka fito da sabbin kaya gida gida ana zuba musu shinkafa.

To abin da ya tsaya min a rai wata yarinya ce da ta kawo min ruwa, tana ajin ƙarshe na firamare, kai gare ta sosai amma babu takardar haihuwa, kuma in babu takardar ba a zama jarabawar CEP, wato ta kammala firamare. Tun 2000 aka ce firamaren gwamnati kyauta ce, amma har yau iyaye na biyan kuɗin APEE, wato ƙungiyar iyaye da malamai, a ƙauye ma da shi ake biyan wasu malaman.

Shi ya sa nake roƙo kowa ya sa jaka biyu na sefa, mai hali ya ƙara, mu ɗauki nauyin karatun yara biyar, Musulmi da Kirista. A tura wa ma'aji ta Orange Money kafin a koma makaranta a Janairu, ni zan kai da kaina in turo muku rasit a nan. Allah ya saka da alheri.