Shin in sayar da gona in gina ɗakunan haya a Dutse?

Assalamu alaikum Malam. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina rubuto wannan wasiƙa ne daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Kiyawa ta jihar Jigawa, domin neman shawararka a kan lamarin da ya hana ni sukuni tun ƙarshen kaka.

Ni malamin firamare ne da ya yi ritaya, kuma an biya ni kuɗin sallama, na haɗa da abin da na samu na riɗi da zoɓorodo a bana. Ba na so kuɗin su zauna a banki, domin kowa ya ga yadda darajar naira ta zube tun da aka cire tallafin man fetur a 2023. Wani dillali ya nuna mini fili a gefen Dutse, ba nisa da Jami'ar Tarayya, ya ce idan na gina ɗakuna takwas ɗalibai za su kama su tun fenti bai bushe ba. Da muka zauna da magini muka yi lissafin bulo da siminti da rodi da kwanon rufi, sai ya bayyana cewa kuɗin hannuna ba za su kai ginin ga rufi ba, sai na sayar da ɗaya daga cikin gonakina biyu.

Abu na farko da ke damuna shi ne takarda. Mai filin ba shi da komai sai takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu, kuma ya ce gadonsa ne. Na san cewa bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 filayen birni suna hannun gwamna ne, kuma takardar mallaka ta gwamnati ita ce madogara mafi ƙarfi. Malam, idan gobe wani daga cikin magada ya taso ya ce ba a raba da shi ba, ko hukuma ta ce wurin hanya ce a tsarin gari, wace kariya takardar mai unguwa za ta ba ni? Kuma wa ya kamata in fara tuntuɓa kafin in biya, ma'aikatar ƙasa ko lauya?

Sai batun su ɗaliban. Gaskiya ne suna biyan kuɗin shekara gaba ɗaya, amma ban manta da yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ba, wanda ya ɗauki wata takwas. Wani maƙwabcinmu mai ɗakuna a can ya gaya mini cewa ɗaliban sun kulle ƙofofi da kayansu a ciki sun tafi gida, ba kuɗi ya shigo ba, ba kuma halin sa wani. Da suka dawo ya tarar yoyon damina ya ruɓar da silin ɗaki biyu, masai ya cika, kuma akwai bashin wuta da kowa ya ce ba shi ya sha ba. Kuɗin hayar da ya karɓa a shekarar, gyara ya cinye rabinsu. A ganina irin wannan lissafi ne dillali ba ya kawowa, domin shi la'adarsa yake karɓa ranar ciniki ya kama gabansa.

Ƙanena ya ba ni wata shawarar, wai in haƙura da Dutse in gina shaguna uku kusa da kasuwar Shuwarin, inda kuɗin hannuna za su isa ba tare da na taɓa gona ba, kuma idona yana kai. Shago ba ya buƙatar banɗaki ko rijiyar burtsatse, amma hayarsa kaɗan ce, kuma a nan gida kowa ɗan'uwa ne. Idan ɗan wanka ko surukinka ya kama shago ya shekara bai biya ba, da wane ido za ka kai shi gaban alƙali? Wannan kunyar ta fi yajin aiki ba ni tsoro.

Gonar da ake maganar sayarwa ita ce ke ciyar da gidana da gero da dawa, kuma uwargidana ba ta goyon bayan a rabu da ita. Saboda haka nake roƙonka ka duba mini wanne ya fi dacewa da mai shekaru irina. Ka kuma bayyana mini abin da ya kamata a rubuta a yarjejeniyar haya game da gyara da kuɗin wuta da wa'adin tashi, da kuma yadda ake fitar da zakka daga kuɗin haya. Dillalin yana matsa mini cewa akwai wani mai so, ni kuwa na ce masa ba zan ba da ko kafin alƙalami ba sai na ji daga gare ka.

Allah ya ƙara basira, ya saka da alheri.

Naka mai saurare,
Tsohon malamin makaranta, daga ƙaramar hukumar Kiyawa