Auta Ya Koma Kan Raksha

Gadarif, daren Laraba

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kana lafiya, kai da Hajiya da yara, da Gwaggo da jikanta da suka zo muku. Saƙonka na murya ya shigo tun makon jiya. Na so in mayar maka da murya, amma abin da ke bakina ya fi ƙarfin minti biyu, kai kuwa na san ka, da saƙo ya yi tsawo sai ka ƙara masa gudu ka ce ka ji. To ga takarda, ka ƙara mata gudu mu gani. Bari in fara da abin da ya hana ni barci don murna.

Ƙanena Auta ya koma aiki. Ranar Jumma'a ya karɓi rakshar maƙwabcinmu, babur ɗin nan mai ƙafa uku na haya, ya yi jigila tsakanin kasuwa da tasha har bayan la'asar, ya dawo ya ajiye wa Inna kuɗin cefane a gefen dardumarta bai ce komai ba. Inna ta ɗauki kuɗin ta riƙe a hannu, ta kasa ƙirgawa, sai hawaye. Ni fita na yi waje.

Kai ba ka gan shi ba bayan Madani, shi ya sa ba za ka san girman wannan abu ba. Ka san shi da surutu, yaron da ake ba shi ful don ya yi shiru. Tun ranar da birnin Madani ya faɗa hannun mayaƙan RSF a yaƙin nan na Sudan a Disambar 2023 muka zo nan da wani mutum daban. A hanyar fita, bayan gadar Hantub, masu bindiga sun tsayar da shi. Akwai mata uku da ƙananan yara a bayan raksha, ga kuma ɗan maƙwabcinmu a gefensa, yaron da kuke saye wa kati, ka gane shi. Suka sauke yaron, suka ce wa Auta ya wuce. Ya wuce. Bai yi nisa ba ya ji harbi. Daga ranar in babur ya gitta ƙofar gida sai ka ga ya miƙe tsaye, gumi na zuba. Ƙaurin taya in ana ƙona shara sai ya sa shi amai. Dare kuwa zaune yake kwana a bakin gado, ya jingina da bango yana kallon ƙofa. Da sojoji suka koma Madani a Janairun 2025 mutane suka fara ɗaure kaya suna komawa, shi ko sunan garin ba ya son a ambata.

Babu abin da ba mu yi ba. An yi rubutu, an yi ruƙiyya, Inna ta yi hayaƙi har maƙwabta suka san ƙamshin gidanmu. Addu'a ta riƙe mu, wannan ba na shakka. Amma Baba Liman da kansa ne ya kira ni bayan sallar asuba ya ce, yaron nan ba iska ke damunsa ba, abin da idonsa ya gani ne, ku kai shi wurin masu ilimin abin. Ya karanto mini hadisin nan cewa Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar mata da magani. Da wani ne ya faɗa, Inna ba za ta yarda ba.

Akwai wata likitar halayyar ɗan Adam da ita ma yaƙi ya koro daga Khartum, tana ganin mutane a wani ɗaki kusa da makarantar da aka sauke 'yan gudun hijira. Auta ya ce ba zai shiga ba sai da ni, ita kuma ta yarda in zauna ta bayansa kusa da ƙofa, da sharaɗin kada in sa baki. Saboda haka abin da zan gaya maka gani na yi, ba ji ba.

Zaman farko-farko ko kusa da maganar harbin ba ta je ba. Tambayarsa take yadda yake barci, abin da yake ci, wa yake jin daɗin zama da shi. Sai ta ce ya zaɓi wani wuri a ransa inda yake jin babu abin da zai same shi, ya riƙa komawa can duk lokacin da ƙirjinsa ya ɗauki bugu. Ka san inda ya zaɓa? Gindin mangwaron Kaka a Maiwurno, bakin kogi, inda kuka taɓa faɗawa ruwa da sabuwar jallabiyarka ta salla. Ta kuma koya masa ya gicciye hannuwa a ƙirji, ya riƙa ɗan bubbuga kafaɗa, dama, hagu, dama, hagu, a hankali yana numfashi. Ta ce wata mai suna Lucina Artigas ce ta fito da wannan a Meziko, tana aiki da waɗanda guguwar Pauline ta 1997 ta raba da gidajensu. Har Inna ta koya, na sha ganinta tana yi bayan ta idar da salla.

Sai da ta ga ya iya kwantar da kansa sannan aka shiga ainihin aikin, wanda suke kira EMDR, wato rage zafin mugun abin da ya tsaya a rai ta hanyar motsa ido. Ta ce ba sai ya ba ta labarin daki-daki ba, kuma wannan ne ya sa ya yarda, don abin da ya fi tsoro ke nan, a ce ya maimaita da bakinsa. Hoto ɗaya kawai ta nema, wanda ya fi tsaya masa a rai. Ya ce takalmin yaron, ƙafa ɗaya, da ya rage a cikin raksha. Ta ce in ka kalli wannan hoton, me kake gaya wa kanka game da kanka? Ya daɗe bai amsa ba, sannan ya ce, na gudu na bar shi. Aminina, shekara da watanni muna gida ɗaya da yaron nan, muna cin tuwo a kwano ɗaya, ban taɓa sanin wannan ce maganar da yake kwana da ita ba. Mu duk muna zaton tsoro ne. Ashe laifi ya ɗora wa kansa.

Ta tambaye shi a ina yake jin abin a jikinsa, ya nuna maƙogwaro. Ta ce daga 0 zuwa 10, nawa zafinsa yanzu? Ya ce 10. Sai ta ɗaga biro daidai fuskarsa, ta ce ya riƙe hoton a ransa, ya bi biron da ido kawai, kada ya juya kai. Ta riƙa kai shi dama da hagu da ɗan sauri, kamar rabin minti, ta tsaya. Ta ce ja numfashi. Me ya zo maka? Ya ce ƙarar babur. Ba ta yi masa wa'azi ba, ba ta ce ka yi haƙuri ba, cewa kawai ta yi, bi shi. Ta sake ɗaga biron. Haka aka yi ta yi, ya ga wannan, ya tuna wancan, ya yi kukan da bai yi ba ko a ranar ta'aziyya. Ni ina baya na danne bakina da rawani. A wani zaman can gaba, ta tsayar da biro ta tambaye shi, sai ya ce, akwai jaririya a baya, uwarta ta toshe mata baki da mayafi. Ya yi shiru. Sai ya ce, da na tsaya da duk sun mutu. Ba ita ta gaya masa ba, ba ni ba. Mu mun sha faɗa masa haka tun a hanya, bai taɓa shiga ba. Ranar daga cikinsa ta fito.

Kada ka ɗauka sau ɗaya aka yi aka gama. Makonni aka ɗauka, kowane zama awa ɗaya ko fiye, kuma bayan wasu zaman yakan dawo a gajiye liƙis, ya yi mafarkai masu nauyi, har Inna ta ce a daina, ana tono masa ciwo. Likitar ta riga ta gargaɗe mu cewa hakan na faruwa, kuma ba ta taɓa barinsa ya fita ba sai ta mayar da shi gindin mangwaronsa ya natsu. Lambar ta riƙa sauka, har ranar da ya ce 1, ya ce wannan ɗayan ba ya son ya tafi, na yaron ne. Bai manta komai ba. Yana iya ba ka labarin yanzu daga farko har ƙarshe, idonsa ya kawo ruwa, amma jikinsa ba ya rawa, kuma ya san a Gadarif yake zaune, ba a kan hanyar ba.

Na san abin da za ka ce, don na san bakinka: wato yanzu biro ya zama magani, a kawo maka kwali guda ka buɗe asibiti a Bab Sharif can Jidda. Ni ma na tambaye ta dalilin abin. Ta ce wata Ba'amurkiya ce masaniyar halayyar ɗan Adam, Francine Shapiro, ta lura a 1987, tana tafiya a wani lambu, cewa tunanin da ke damunta yana rage kaifi in idanunta na kai-komo da sauri. Ta gwada da mutane, ta buga sakamakon farko a 1989, aka yi ta gardama a kai shekara da shekaru, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a 2013 cikin hanyoyin da ta amince da su na magance irin wannan ciwo, ga manya da yara. Bayanin da ya fi shiga kaina shi ne wanda masu bincike a Holan suka fi yin aiki a kansa: zuciya ba ta iya riƙe abu biyu da ƙarfi ɗaya a lokaci guda. Kamar kai ne kana ƙirga kuɗi a shago wani yana ja maka hira, dole ɗaya ya yi rauni. In mutum ya riƙe mugun hoton kuma idonsa na aikin bin biro, hoton sai ya dushe, ya koma ma'ajiyarsa da ƙarancin zafi. Wasu masanan suna danganta shi da motsin da ido ke yi lokacin mafarki, wasu kuma suna ganin fuskantar abin a gaban wanda ka amince da shi ne ke yin yawancin aikin. Su ci gaba da muhawararsu. Ni ƙanena na gani yana cin abinci.

Af, kafin in manta, Kawu ya ƙara aure. E, wadda kake zato. An ɗaura bayan sallar Jumma'a, ba taro, sai dabino da jabana, amma uwargida ta aiko da kisra cike da faranti, kowa ya yi mamaki. An kuma shiga yankan riɗi, gari ya cika da leburori, duk wanda ka nema sai a ce yana gona. Ɗan Baba Liman ya ce in gaya maka bashin shayin nan na tasha har yanzu yana rubuce, kuma ya ce riyal yake so ba fam ba.

Yanzu maganar da ta sa na zauna rubutu, ban da murna. A saƙonka ka ce jikan Gwaggo yana fitsarin kwance, yaro ɗan shekara tara da ya daɗe da dainawa, kuma in jirgi ya wuce ta saman unguwarku sai ya shige ƙarƙashin gado. Ka faɗe shi a gurguje, tsakanin maganar zafin Jidda da tsadar haya, amma ni nan na tsaya na sake saurara. Yaron nan a unguwar Mayo ta Khartum yake lokacin da aka kai hari kasuwar Goro a Satumbar 2023. Kai ka san abin da ya gani, ko kuma ba wanda ya sani, don ba wanda ya tambaye shi. Don Allah kada a dake shi saboda shimfiɗa, kada kuma yaranka su riƙa yi masa dariya. Ka ja Hajiya gefe ku yi magana. A ci gaba da yi masa addu'a da tofi, amma ka nemi likitan yara na ɓangaren ƙwaƙwalwa, ka tambaya ƙarara ko akwai wanda ya yi horo a kan wannan hanya, ko kuwa ɗaya hanyar ta magana da gyaran tunani da ita ma hukumar ta amince da ita. Likitarmu ta ce da yara sukan yi amfani da zane, da ɗan bubbuga hannu ko gwiwa maimakon biro, kuma sukan so babba na gida ya zauna kusa.

Abu ɗaya nake roƙonka, kuma da gaske nake: kada ka kalli bidiyo a YouTube ka zaunar da yaro ka riƙa kaɗa masa yatsa. Na ga abin da ke fitowa in an buɗe ƙofar nan. Ranar da Auta ya kai tsakiyar abin numfashinsa har sarƙewa ya yi, kuma abin da ya riƙe shi shi ne matar ta san lokacin tsayawa da yadda za ta dawo da shi. Kaɗa hannun kowa zai iya. Makonnin shirin da suka gabace shi, da sanin abin yi in mutum ya rikice, su ne ba a koya a waya. In kuɗi ne matsala ka faɗa mini ba kunya, mu nan za mu haɗa abin da ya samu bayan an sayar da riɗi. Kai ka riƙe mu lokacin da muka iso garin nan da kayan jikinmu kaɗai, ba wanda ya manta.

Gwaggo ma ka sa mata ido. Tsofaffi ba sa cewa suna tsoro, sai su ce ciwon kai, ko abinci ba ya musu daɗi.

Auta ya ce bayan girbi yana so mu je Madani tare, ya ga mahaifiyar yaron, don har yau bai yi mata ta'aziyya baki da baki ba. Likitar ta ce ya bari su ƙara zama a kan tafiyar tukuna. Ka sa mu a addu'a in ka shiga Harami. Inna tana gaida Gwaggo da Hajiya, ta ce turaren da aka yi mata alkawari tun Ramadan ko a jirgin ruwa aka sa shi ya ci a ce ya iso Port Sudan. Ka turo mini hoton yara, na ji an ce babbar ta kusa kamo uwarta a tsawo.

Wassalam,
naka har kullum.