Barka da Sallah daga Guangzhou, ga kuma labarin dokin da na gani

Assalamu alaikum Hajiya, barkanmu da Sallah, Allah ya karɓi ibadunmu ya maimaita mana. Maman Ummi sannunki da hidima, na san tun jiya kina kan cincin da miyar taushe ko runtsawa ba ki yi ba. Mu nan mun riga ku da awa 7, lokacin da muka sauko idi ku ko kiran assalatu ba a yi ba. A masallacin nan da ake dangantawa da Sa'ad bin Abi Waƙƙas muka yi, cike maƙil da Larabawa da 'yan Mali da 'yan Gini da musulmin Chaina masu fararen huluna, daga nan muka wuce unguwar Xiaobei muka ci taliya da naman rago, da daɗi kam amma wlh zuciyata tana kan tuwonki Hajiya.

To Maman Ummi ki tara min yaran ki karanta masu sauran a hankali, in Khalifa ya fara tsalle-tsallensa ki jira shi ya zauna.

Abba ka tambaye ni a waya wai akwai doki a Chaina, tunda kai gobe za ka Hawan Daushe ni ba zan je ba. Akwai, har ma na ga wani wanda ba ya cin harawa, ba a sa masa linzami, a cikin ruwa yake kwana yake tashi. Sunansa dokin teku, su ma 'yan Chaina haka suke ce masa da yarensu, haima. Kifi ne fa, amma kansa sak na doki, a tsaye yake iyo kamar mai dogarawa da sanda, jelarsa kuma tana naɗewa irin ta hawainiya, da ita yake riƙe ciyawar ruwa kar igiyar ruwa ta tafi da shi saboda bai iya gudu ba sam. Idonsa ma na hawainiya ne, ɗaya na kallon gaba ɗaya na kallon baya, kuma yana canza launi ya saje da inda ya laɓe. Ba shi da haƙori ko ɗaya, ba shi da tumbi, sai dogon baki kamar tsinken shan lemo da yake zuƙe 'yan mitsi-mitsin jatan lande, shi ya sa yini yake yana ci ba hutu. Sun fi iri 40, wani bai kai santimita 2 ba, babbansu kuma ya ɗan fi rular makarantarka tsawo.

A gidan kifi na gan shi da rai satin da ya wuce, na fi minti ashirin a gaban gilashin. Akwai wani ruwan ɗorawa da cikinsa ya yi tulu guda, na ɗauka macen ce, ashe namijin ne. Ummi ki saurara da kyau, nan ne abin mamakin. A gidan dokin teku uba ne ke ɗaukar ciki.

Ga yadda abin yake. Namijin da macen sai su yi kwanaki suna rawa tare, kullum da safe su haɗu su gaisa, su sarƙe jela su yi ta zagaye suna canza launi, da yawansu ma in sun zaɓi juna ba sa kula wani har kakar haihuwa ta wuce. Ranar da suka shirya sai macen ta zuba ƙwanta a wata 'yar jaka da ke gaban cikin namijin, kamar aljihun gaban riga, jakar ta rufe ruf, ita kuma ta koma kiwonta amma tana leƙo shi da safe. Shi zai yi ta yawo da su wajen sati 2 zuwa 4, ya danganta da irinsa da ɗumin ruwan, kuma ba ajiya kawai yake yi ba, jakar tana ba su iskar numfashi, tana kare su, a hankali tana ƙara gishirin ruwan ciki har ya zo daidai da na teku don kar su fito su sha wahala. Wannan ya tsaya min a rai sosai, na yi ta tasbihi ni kaɗai a wajen.

Ranar haihuwa sai ya kama ciyawa da jela ya yi ta lanƙwashewa yana miƙewa, naƙuda sosai, an nuna a wani allo kusa da gilashin, sai ga 'ya'ya suna fitowa fuuu kamar an watsa gero. Ƙananan iri suna haifar kamar goma ko ashirin, manya kuma ɗaruruwa, wani har fiye da 1,000. Kowanne bai wuce farcen Khalifa ba amma komai nasa ya cika, kai da baki da 'yar jela. Daga ranar kuma kowa tasa ta fisshe shi, ba goyo ba shayarwa, ruwa ya yi ta yawo da su, kifaye su cinye mafi yawa, cikin dubu 'yan ƙalilan ne ke girma. Wanda ya tsira zai samu ciyawarsa ya kama, bayan wasu watanni ya isa yin tasa rawar, rayuwarsu duka shekara 1 zuwa 5 ce. Uban kuwa bai daɗe da sauka ba macen ta sake kawo wani ƙwan.

Hajiya abin da ya ɓata min rai, kafin in gan shi da rai a bushe na fara ganinsa, a kasuwar Qingping inda ake sayar da maganin gargajiya, an cika manyan kwalabe da su ana aunawa a sikeli. Miliyoyi ake kamawa duk shekara, yawanci a tarun masu kamun jatan lande suke faɗawa, har daga gaɓar Senegal da Gini ake kawo wasu, duk da tun 2004 aka sa wa cinikinsu doka tsakanin ƙasashe. Yanzu in na bi ta layin nan kau da kai nake.

Ummi ki zana min shi, kan doki, jelar hawainiya, ciki tulu, mamanki ta ɗauka a waya ta turo. Abba kai kuma ka ƙirga min dawakan da ka gani gobe, kar ka saki hannun kawunka a cikin cunkoso. Goron Sallarku yana wajen Hajiya, na Khalifa daban yake kar wanda ya taɓa masa. A gaida Gwaggo da mutanen gidan Malam, Hajiya a ci gaba da sa ni a addu'a, kaya na fita kwantena in sha Allahu zan sayi tikiti.

Naku,
Baban Ummi