Roƙon Tallafi Domin Ajin Ƙananan Yaranmu

Assalamu alaikum iyaye, 'yan uwa da duk mai fatan alheri ga makarantarmu.

Kwamitin makaranta ne ke neman gudummawarku saboda ajin nazare, na 'yan shekara 3 zuwa 5. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne kayan wasa. Mun san wani zai ce, "Wasa kuma? Ai karatu muka kawo su."

To, ga abin da muka gani da idonmu. Wani yaro ɗan shekara 4 yana ɗora guntayen katako ɗaya kan ɗaya, ginin yana rushewa, har sau uku. Malama ba ta gyara masa ba, cewa kawai ta yi, "Me kake gani ya sa yake faɗuwa?" Sai ya yi shiru, ya ƙura wa katakon ido, can ya jawo mafi faɗi ya sa a ƙasa. Gini ya tsaya. A nan ya gwada, ya lura, ya canja dabara, kuma da irin wannan tunanin ne zai tunkari lissafi nan gaba. Sai dai katakon nan kwando ɗaya ne ga ajin duka, rabin lokacin malama a rabon faɗa yake ƙarewa.

Masana ma sun gwada abin. A 1986 aka fara wani bincike a birnin Kingston na ƙasar Jamaika, inda ma'aikatan lafiya suka riƙa zuwa gidajen yaran da suka tsumbure, kowane mako har shekara 2, suna nuna wa uwaye yadda za su yi wasa da hira da 'ya'yansu, da kayan wasa haɗin gida. Bayan shekara 20, abin da waɗannan yaran ke samu a sana'a ya ɗara na takwarorinsu da ba a nuna wa uwayensu wannan wasan ba da kusan kashi 25 cikin 100.

Muna buƙatar littattafan hoto, fensirin kala, takardun zane da tabarmi, sai kuɗin horar da malaman ajin. In akwai kafinta a cikinmu, guntayen da yake zubarwa ma muna so, a goge su kada sartse ya shiga hannun yaro. Don Allah ban da ƙananan abubuwan da yaro zai iya haɗiyewa.

Ana kai gudummawa ofishin makaranta a karɓi rasit, kuma za mu karanta lissafin abin da aka tara a taron iyaye da malamai mai zuwa. Allah Ya saka da alheri.

Kwamitin Makaranta