Gardamar fim ɗin Stalker ta ƙi ƙarewa a majalisarmu

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili, wata gardama ce ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a majalisarmu kan wani tsohon fim na Tarayyar Sobiyat, Stalker, wanda Andrei Tarkovsky ya yi a 1979. Mu biyar muka kalla a laftof, kafin a kai rabi biyu sun yi barci, ɗaya kuma ya ce wallahi an cuce shi, an ce masa fim ɗin kimiyya ne amma ba kumbo ba dodo, sai wasu mutum uku suna ta yawo cikin ciyawa da ruwa da kangaye har awa 2 da minti 40.

Na yarda fim ɗin na da jan rai, musamman wajen da suke kan ƙaramar motar layin dogo ba mai cewa uffan, sai ƙarar ƙarfe. Amma cewa wai ba labari a ciki, wannan kam ban yarda ba. Ɗan jagora ne ke kai wani marubuci da wani farfesa cikin yankin da aka killace aka hana shiga, yana jefa noti ɗaure da ƙyalle don gwada hanya, saboda a can akwai wani ɗaki da ake cewa duk wanda ya shiga burinsa zai cika. To abin da ya hana ni barci shi ne labarin maigidan ɗan jagoran, wanda suke kira Beguwa, ɗan'uwansa ya mutu a yankin, ya je ɗakin don a dawo masa da shi, sai kawai ya wayi gari da dukiya mai yawa, ba a jima ba ya rataye kansa, domin ɗakin ba ruwansa da abin da baki ya roƙa, abin da ke can ƙasan zuciya yake bayarwa, shi kuma ya gano ashe kuɗi ya fi so a kan ɗan'uwansa.

Abokina ya ce babban haushinsa shi ne bayan duk wannan wahala sun isa bakin ƙofa sun zauna ba wanda ya shiga. Na ce masa kai da ka ji labarin Beguwa, tsakaninka da Allah za ka shiga? Har yau bai ba ni amsa ba, cewa kawai yake fim ɗin ya yi tsawo. Ina roƙon masu karatu da suka taɓa kallonsa su rubuto mu ji nasu ra'ayin.

Naku,
Wani mai karatu daga Zariya